Lissafin Yiwuwa: Yadda Ake Rabon Aiki a Wasan Farautar Dodanni na Intanet

Gabatarwa

A kowace rana dubban mutane a sassa daban-daban na duniya sukan zauna gaban kwamfuta, ko su riƙe wayar hannu, su shiga wani wasa na intanet mai suna RuneScape. Wasu 'yan'uwa biyu, Andrew da Paul Gower, su ne suka fito da shi a watan Janairun 2001, kuma kamfanin Jagex da ke birnin Kembirij a Ingila shi ke tafiyar da shi. Wasan yana cikin irin waɗanda mai wasa kan ɗauki matsayin wani jarumi a cikin wata ƙagaggiyar duniya, ya yi noma, ya yi su, ya yi ƙira, ya yi ciniki da sauran masu wasa, sa'an nan ya yi yaƙi da dodanni. A shekarar 2005 aka ƙara wa wasan sana'ar farautar dodanni, wadda ake kira Slayer. A shekarar 2013 kuma kamfanin ya sake buɗe tsohon samfurin wasan kamar yadda yake a 2007, ya sa masa suna Old School RuneScape, kuma da wannan samfuri za a yi misali a nan.

A cikin wannan sana'a mai wasa ba ya zaɓar wa kansa aiki. Yakan je wurin wani ubangidan farauta, shi kuma ubangidan ya ce masa ya je ya kashe irin dodo kaza, guda kaza. Wani aikin yana da daɗi da riba, wani kuwa yakan cinye sa'o'i ba tare da wani abin kirki ba. Saboda haka kullum ake jin ƙorafi. Wannan ya ce ubangidan ya tsane shi, wancan ya ce ya yi ayyuka goma bai sami wanda yake so ba, lalle na sha ɗaya shi ne nasa. Manufar wannan darasi ita ce a nuna cewa ana iya auna wannan rabo da lissafi mai sauƙi, wanda bai wuce tarawa da ninkawa da rabawa ba, kuma lissafin nan shi ne dai wanda ɗalibin kimiyyar halittu yake bukata idan ya zo karatun gado.

Mene Ne Yiwuwa?

Yiwuwa ita ce ma'aunin da ke nuna yadda abu yake kusa da aukuwa. Ana rubuta ta da lamba tsakanin 0 da 1. Abin da ba zai taɓa aukuwa ba yiwuwarsa 0 ce, wanda kuwa babu makawa sai ya auku yiwuwarsa 1 ce. Ana kuma iya faɗinta da kashi cikin ɗari, watau 0.25 daidai take da kashi 25 cikin ɗari, ko ɗaya cikin huɗu. Tushen wannan fanni ya kafu ne a shekarar 1654, lokacin da wasu masana lissafi biyu na ƙasar Faransa, Blaise Pascal da Pierre de Fermat, suka yi musayar wasiƙu a kan yadda za a raba kuɗin wasan da aka katse kafin a gama shi.

Ƙa'idar farko ita ce: idan duk abubuwan da za su iya fitowa damarsu ɗaya ce, to, a ƙirga waɗanda ake so, a raba da jimillar duka. Ɗan ludo yana da fuskoki shida, don haka yiwuwar a jefa shi shida ta fito ita ce 1 bisa 6. Yiwuwar fitowar biyar ko shida kuwa 2 bisa 6 ce, watau ɗaya cikin uku. Kuskuren da mafi yawan masu wasa suke fara yi shi ne su ɗauka ayyukan ubangidan farauta kamar fuskokin ɗan ludo suke, idan ayyuka shida ne, kowanne yana da ɗaya cikin shida. Ba haka aka tsara wasan ba.

Nauyin Aiki

Kowane ubangida yana da jerin ayyukan da yake bayarwa, kuma masu tsara wasan sun ba kowane aiki wata lamba da ake kira nauyi. Aikin da nauyinsa ya fi yawa shi ya fi saurin fitowa. Alal misali, akwai wani babban ubangida mai suna Duradel, wanda ba ya karɓar kowa sai wanda ya kai mataki na 100 a yaƙi da mataki na 50 a farauta. Ayyukan da ke cikin jerinsa sun haura talatin. Domin sauƙin lissafi, an taƙaita jerin a nan zuwa ayyuka shida, an kuma zaɓi lambobin da jimillarsu za ta ba da 50. Lambobin na koyarwa ne kawai, amma hanyar lissafin ɗaya ce da ta ainihin wasan.

Dodon bulala: nauyi 12
Karnukan wuta: nauyi 10
Manyan aljanu: nauyi 9
Masu shan jini: nauyi 8
Ƙattin wuta: nauyi 7
Macizan ƙarfe: nauyi 4
Jimilla: 50

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar nauyi ita ce a ɗauka an zuba ƙuri'u 50 a cikin ƙwarya, 12 suna ɗauke da sunan dodon bulala, 10 da sunan karnukan wuta, haka har zuwa 4 na macizan ƙarfe. Ubangida ya rufe ido ya ɗauki guda ɗaya. Ƙuri'un nan damarsu ɗaya ce, don haka ƙa'idar farko ta yi aiki: yiwuwar kowane aiki ita ce nauyinsa a raba da jimillar nauyi. Dodon bulala yana da 12 bisa 50, watau 0.24, ko kashi 24 cikin ɗari. Karnukan wuta suna da kashi 20, manyan aljanu 18, masu shan jini 16, ƙattin wuta 14, macizan ƙarfe 8. Idan aka tara waɗannan duka za a sami 100 cif. Duk lissafin da jimillarsa ba ta kai 100 ba, ko ta wuce, to akwai kuskure a cikinsa.

Kwamfuta ba ta da ƙwarya, amma hanyar da masu rubuta manhaja suka saba bi kusan haka take. Sukan sa na'urar ta fito da wata lamba tsakanin 1 da 50 ba tare da wani tsari ba. Idan lambar ta faɗa tsakanin 1 da 12, aikin dodon bulala ne. Daga 13 zuwa 22 karnukan wuta. Daga 23 zuwa 31 manyan aljanu. Daga 32 zuwa 39 masu shan jini. Daga 40 zuwa 46 ƙattin wuta. Daga 47 zuwa 50 kuma macizan ƙarfe.

Abin Da Ke Faruwa Idan Jerin Ya Sauya

Nauyi shi kaɗai ba ya nuna komai sai an san jimilla. Nauyi 12 a cikin 50 kashi 24 ne, amma a cikin jerin da jimillarsa ta kai 240 kashi 5 ne kacal. Ita kuwa jimilla ba ɗaya ba ce ga kowa, domin ubangida ba ya ba mutum aikin da bai cancanta ba. Dodon da aka kira dodon bulala a nan, wanda sunansa a wasan abyssal demon, ba a farautarsa sai an kai mataki na 85. Wanda bai kai ba, ƙuri'un nan 12 ba sa cikin ƙwaryarsa, jimillarsa 38 ce. A wurinsa karnukan wuta suna da 10 bisa 38, watau kashi 26.3, alhali abokinsa da ya wuce matakin yana ganinsu da kashi 20. Mutum biyu suna zuwa wurin ubangida ɗaya, amma rabonsu ya sha bamban.

Bayan haka, wasan ya ba mutum ikon gyara jerin da makin da ya tara. Duradel yakan ba da maki 15 a kan aikin da aka kammala, ban da gyaran da ake yi a aiki na goma da na hamsin da na ɗari. Da maki 30 ana iya soke aikin da aka ba mutum a karɓi wani, da maki 100 kuma ana iya toshe aiki a wurinsa ya daina fitowa gaba ɗaya. Sai dai guraben toshewa 'yan kaɗan ne, don haka dole a yi zaɓi.

A ɗauka mai wasa ba ya son karnukan wuta, ba ya kuma son macizan ƙarfe, amma gurbi ɗaya gare shi. Idan ya toshe karnukan, jimilla ta koma 40, dodon bulala ya tashi daga kashi 24 zuwa 12 bisa 40, watau kashi 30. Idan macizan ya toshe, jimilla 46 ce, dodon bulala ya tsaya a kashi 26.1. A lura kuma cewa toshe karnukan ya ɗaga duk sauran ayyukan, kowanne gwargwadon nauyinsa: manyan aljanu sun koma 22.5, masu shan jini 20, ƙattin wuta 17.5, su ma macizan da ba a so sun tashi daga 8 zuwa 10.

Ta fuskar maki ma amsar ɗaya ce. A cikin ayyuka 50 ana sa ran karnukan su fito kamar sau 10, sokewa sau 10 kuwa maki 300 ne. Macizan ana sa ran su fito sau 4, watau maki 120. Ashe ke nan ko da macizan sun fi ba mutum haushi, karnukan ya kamata ya toshe, ya riƙa soke macizan duk lokacin da suka fito. Haka nan idan mutum ya buɗe sabon aiki mai nauyi 10 a kan jerin farko, jimilla ta zama 60, dodon bulala ya sauko zuwa kashi 20. Duk abin da aka ƙara a ƙwarya yana rage rabon waɗanda ke cikinta.

Tarawa Da Ninkawa

Akwai ƙa'idoji biyu da ake haɗa yiwuwa da su. Ta farko ta shafi kalmar "ko". Idan ana neman yiwuwar wannan ko wancan a ɗauka guda, kuma ba za su iya fitowa tare ba, sai a tara. Mai son dodon bulala ko masu shan jini yana da 12 a tara da 8, watau 20 bisa 50, kashi 40 ke nan.

Ta biyu ta shafi kalmar "da". Idan ana neman yiwuwar wannan da wancan su auku a jere, kuma na farko bai shafi na biyu ba, sai a ninka. Yiwuwar samun dodon bulala sau biyu a jere ita ce 0.24 sau 0.24, watau 0.0576, kusan kashi 6 cikin ɗari. Wannan lissafi ya tsaya ne a kan sharaɗin cewa ana mayar da ƙuri'ar cikin ƙwarya bayan kowace ɗauka. Inda masu tsara wasa suka sa dokar hana maimaita aiki sau biyu a jere, sai a cire aikin da ya gabata daga jimilla kafin a yi lissafi, kamar dai an toshe shi na ɗauka guda.

Tambayar da ta fi damun masu wasa ita ce: mene ne yiwuwar samun aikin da ake so aƙalla sau ɗaya a cikin ayyuka biyar? Wasu sukan ce 24 sau 5, su sami 120. Wannan ba zai yiwu ba, tun da yake yiwuwa ba ta wuce ɗari bisa ɗari. Hanyar da ta dace ita ce a bi ta bayan gida, a fara lissafa yiwuwar rashin samu. A ɗauka ɗaya yiwuwar rashi 0.76 ce. A biyu, 0.76 sau 0.76, watau 0.578. A uku 0.439, a huɗu 0.334, a biyar 0.254. Idan aka ɗebe 0.254 daga 1, saura 0.746. Saboda haka yiwuwar samu aƙalla sau ɗaya a cikin biyar kashi 74.6 ce, kuma mutum ɗaya cikin huɗu zai gama ayyuka biyar bai gan shi ba.

Idan aka ci gaba har goma, yiwuwar rashi ta sauko zuwa 0.064. Lambar ƙarama ce, amma idan masu wasa 10,000 suka yi ayyuka goma-goma, kimanin 640 daga cikinsu ba za su ga dodon bulala ko sau ɗaya ba. Waɗannan su ne ake jin muryarsu suna cewa an cuce su, sauran da suka samu kuwa ba su da abin faɗi. Matsakaicin jira ana samunsa ne idan aka raba 1 da yiwuwa: 1 a raba da 0.24 ya ba da ayyuka huɗu da ɗan ɗoriya. Amma matsakaici na jama'a ne gaba ɗaya, bai yi wa kowa alkawari ba.

Ƙuri'a Ba Ta Tuna Baya

Wanda ya yi ayyuka goma bai sami abin da yake so ba, yiwuwarsa a na sha ɗaya tana nan kashi 24, daidai da ta wanda ya zo yau. Ƙwaryar ba ta san abin da ya wuce ba, ƙuri'u 12 ne cikin 50 a kowane lokaci. Zaton cewa dogon rashi yana kusanto da samu tsohon kuskure ne. An ruwaito cewa a ranar 18 ga Agusta, 1913, a gidan cacar Monte Carlo, ƙwallon faifan caca ya faɗa kan baƙi sau 26 a jere, mutane suka yi ta zuba dukiya a kan ja suna cewa lokacinsa ya yi, suka yi asara mai yawa.

Wannan batu ya fi fitowa fili a kan bulalar da ta sa ake son dodon nan. Duk lokacin da aka kashe shi akwai yiwuwar 1 bisa 512 ya yar da wata bulala mai daraja. Da yawa sukan fahimci wannan da cewa duk wanda ya kashe 512 zai samu. Idan aka ninka 511 bisa 512 da kanta sau 512, ana samun kimanin 0.37. Watau kashi 37 cikin ɗari na waɗanda suka kashe dodo 512 za su koma hannu rabbana, kashi 63 ne za su sami aƙalla guda. Bayan 1,024 akwai sauran kashi 13.5 da ba su samu ba, bayan 1,536 kuma kashi 5. A ɗaya ɓangaren, rabin masu wasa sukan sami ta farko kafin su wuce dodo 355. Bahaushe ya ce sa'a ta fi manyan kaya, lissafi kuwa yana nuna mutum nawa cikin ɗari sa'ar za ta faɗa wa, ko da yake bai san sunayensu ba.

Ana iya haɗa matakan biyu da ƙa'idar ninkawa. Idan aikin dodo 150 ne, yiwuwar samun bulala a cikinsa kimanin 0.254 ce. Yiwuwar aiki na gaba ya zama na dodon bulala, kuma a sami bulalar a cikinsa, ita ce 0.24 sau 0.254, watau kusan kashi 6 cikin ɗari. Wanda ya san wannan tun farko zai iya yanke wa kansa shawara ko sa'o'in da zai kashe sun cancanci abin da yake nema.

Gwaji a Aji

Malami zai iya nuna duk wannan ba tare da kwamfuta ba. A samo murafun kwalba 50 iri ɗaya, a rubuta A a cikin guda 12, B a 10, C a 9, D a 8, E a 7, F a 4, a zuba su a ƙwarya ko jaka. A raba aji gida goma. Kowane rukuni ya ɗauki murfi ba tare da dubawa ba, ya rubuta harafin, ya mayar, ya girgiza, har sau 100. Sa'an nan a rubuta sakamakon kowane rukuni a allo, a kuma tara su duka.

Ba lalle ne wani rukuni ya sami A sau 24 daidai ba. Lissafi ya nuna cewa a ɗauka 100, yawanci adadin yakan faɗa tsakanin 16 da 32. Amma idan aka tara na rukunai goma, ɗauka 1,000 ke nan, yawanci yakan faɗa tsakanin 213 da 267, watau kashi 21 zuwa 27. A ɗauka 10,000 tazarar takan tsuke zuwa tsakanin kashi 23 da 25. Wannan ita ce dokar manyan lambobi, wadda ta fito a littafin Jacob Bernoulli a 1713. Wani masanin lissafi mai suna John Kerrich, lokacin da yake tsare a Danmak a Yaƙin Duniya na Biyu, ya jefa kwabo sau 10,000, fuskar da ke da hoton kai ta fito sau 5,067. Darasin da ke ciki shi ne, wanda ya ƙirga ayyukansa ashirin ya ce ya gano nauyin kowane aiki bai tara shaidar da ta isa ba. Daga nan sai malami ya cire murafun B guda 10, a sake gwajin, ɗalibai su gani da idonsu yadda A ke matsawa zuwa kashi 30.

Daga Wasa Zuwa Gado

Ƙa'idojin nan ba su tsaya a kan wasa ba. Gregor Mendel, wanda ya gabatar da bincikensa a kan waken turawa a birnin Brno a 1865, ya ƙirga ƙwayoyi 7,324, ya sami 5,474 masu sumul da 1,850 masu yamushi. Masu yamushin kashi 25.3 ne cikin ɗari, kusa ƙwarai da ɗaya cikin huɗu. Da ƙwayoyi takwas kawai ya ƙirga, da wuya ya ga wannan tsari.

Ɗaya cikin huɗun nan shi ne ke aiki a gadon cutar amosanin jini, wadda aka fi sani da sikila. Idan miji da mata duka rukunin jininsu AS ne, kowannensu yana ba ɗa ko dai A ko S, da yiwuwar rabi da rabi. Yiwuwar ɗa ya karɓi S daga uba da S daga uwa ita ce rabi sau rabi, watau ɗaya cikin huɗu, kuma wannan shi ne SS, mai fama da cutar. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa kashi 24 cikin ɗari na mutanen Nijeriya suna ɗauke da ƙwayar gadon wannan cuta, kuma ana haihuwar yara kimanin 150,000 da ita a ƙasar a kowace shekara.

A nan ma ana yin irin kuskuren mai jiran bulala. Wasu iyaye sukan ɗauka cewa idan ɗan fari ya zo da cutar, ukun da za su biyo baya sun tsira. Kowane ciki ɗauka ce sabuwa daga ƙwarya mai ƙuri'u huɗu, ɗaya AA, biyu AS, ɗaya SS, kuma abin da ya faru da wa ba ya sauya rabon ƙane. A cikin irin wannan iyali mai 'ya'ya huɗu, yiwuwar babu mai cutar ko ɗaya ita ce 0.75 a ninka sau huɗu, watau 81 bisa 256, kashi 31.6. Yiwuwar a sami aƙalla ɗaya kashi 68.4 ce. Yiwuwar ɗaya tak kashi 42.2 ce, biyu kashi 21.1, uku kashi 4.7, dukkan huɗun kuwa 1 bisa 256. A wasa kuskuren lissafi yana cin sa'o'i da maki. A nan kuwa ya shafi lafiyar yaro har tsawon rayuwarsa, abin da ya sa likitoci suke ba da shawarar gwajin jini kafin aure.

Kammalawa

An ga cewa yiwuwar aiki ita ce nauyinsa a raba da jimillar nauyin ayyukan da mutum ya cancanta, kuma duk abin da aka cire ko aka ƙara yana sauya rabon sauran. An ga cewa "ko" tarawa take bukata, "da" kuma ninkawa, sa'an nan "aƙalla sau ɗaya" ana samunta ne ta ɗebe yiwuwar rashi daga 1. An kuma ga cewa ɗauka mai zaman kanta ba ta dogara da wadda ta gabace ta ba, kuma sai an tara lambobi masu yawa tsari yake bayyana. Ga tambayoyi domin ɗalibi ya gwada kansa kafin ya duba amsoshin.

1. Wani ubangida yana da ayyuka huɗu masu nauyi 15, 10, 10 da 5. Mene ne yiwuwar na farko? Nawa za ta koma idan aka toshe ɗaya daga cikin masu nauyi 10?

2. A jerin ayyuka shida na wannan darasi, wani bai kai mataki na 85 ba, kuma ya toshe karnukan wuta. Mene ne yiwuwar a ba shi masu shan jini?

3. Wani dodo yana yar da takobi da yiwuwar 1 bisa 100. Kashi nawa cikin ɗari na waɗanda suka kashe dodo 100 ba za su sami takobin ba?

4. Miji AS ne, mata ma AS ce, sun haifi 'ya'ya uku. Mene ne yiwuwar babu SS a cikinsu?

Amsoshi: (1) 15 bisa 40, kashi 37.5, bayan toshewa 15 bisa 30, kashi 50. (2) 8 bisa 28, kashi 28.6. (3) 0.99 a ninka sau 100, kimanin kashi 36.6. (4) 27 bisa 64, kashi 42.2.